Faifan Mutumin da Ban Sani Ba

A Bukuru na sayi motar, hannun Ngo Chundung,
wata bakwai da rasuwar mijinta.
Ta miƙo makulli da takardu cikin leda,
ko waiwayen motar ba ta yi ba.

Sai da na hau gadar Sakateriya na taɓa rediyo,
muryoyi suka cika mota:
maza da mata suna rerawa da Birom,
ba ganga, ba molo, sai tafi,
da wani namiji can baya
mai yin tari sau biyu kafin baiti na uku.

Na danna maɓallin fitarwa.
Ya yi ƙugi, ƙirrr, kamar zai amayar,
ya sake haɗiyewa.

Ba irin dabarar da ban yi ba.
Na cire kan batir, na ƙirga ɗari, na mayar.
Na zare fis na hura masa iska.
Na naɗe wuƙar buredi da salatef
na zura a hankali kamar mai ciro ƙaya a maƙogwaron yaro.
Katin bankina ya karye a ciki,
rabi a hannuna, rabi ya bi faifai.
Ƙanena Ilu ya ce a mari gaban motar,
muka mara, muka mara,
agogo ne kawai ya mutu.

Haka muka zauna da shi.
Ni ɗan Gangare, ban san kalma ɗaya ba,
amma in na ɗauko dankali daga Farin Gada
sai in ji bakina yana bin amshin.
’Yata Hanne, in lokacin ya zo,
takan yi tarin tare da mutumin,
ta fashe da dariya a kujerar baya.
A shingen sojoji nakan rage murya,
a wata unguwar in ƙara,
kuma ina jin kunyar duka biyun.

Ranar wata Asabar da ruwa ya ɗauke
na kai ta wurin Dachung mai gyaran waya a Dilimi.
Bai yi faɗa da ita ba.
Ya kwance noti huɗu, ya jera su a marfin kwalba,
ya zaro rediyon kamar mai zaro jariri daga goyo,
ya buɗe samansa, ya nuna mini:
wata ’yar roba, ba ta kai zobe ba,
ta tsufa ta saki.
Ya juya haƙorin da yatsa,
faifan ya fito yana sheƙi,
rabin katina manne a bayansa.

Da jan alƙalami an rubuta:
Gwajin mawaƙa, Laraba. Kada a ara.

Dachung ya karanta, ya yi shiru.
Na ce, me suke cewa ne?
Ya goge baƙin mai a wando, ya ce,
suna roƙon a kai kowa gida lafiya,
abin da suke ta faɗa ke nan.

Na biya dubu biyu.
Na tayar da mota, sai ƙarar taya a kan kwalta
da ƙwanƙwasar wani abu a but
da ban taɓa ji ba.

Ban nufi gida ba.
Na tarar da ita tana shanya acca a tsakar gida.
Ta riƙe faifan ta gefe-gefe,
yadda ake riƙe kwanon da ya cika,
ta ce, tun yaushe nake nema.
Ta ce, ka ji mai tarin nan?

Na ce, sau biyu, kafin baiti na uku.

Ta zauna a kan turmi.